Ƙunshin da ba ya ɗauke da sunan kowa

A kemis ɗin ƙauye, ko a Magarya ko a gefen kasuwar Wurno, da wuya ka rasa ƙaramin ƙunshin garin gishiri da sukari da ake jiƙawa a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a ba yaro mai gudawa. Juya shi gaba da baya: za ka ga sunan kamfani da ranar lalacewa, amma babu sunan masanin da ya sa duniya ta yarda da shi.

Hikimarsa a hanji take. Sukari yana jan gishiri ya shiga jiki, ruwa kuma ya bi su, kuma wannan ƙofa ba ta rufewa ko da kwalara ta kama mutum. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, cutar amai da gudawa ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan ƙari kuma ya yi ƙaranci. Wani likitan yara, Dilip Mahalanabis, ya sa aka dama haɗin a cikin durom, 'yan'uwan marasa lafiya suna shayar da su da kofi. Mace-mace ta sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Ya rasu a 2022, jama'a da yawa ba su taɓa jin sunansa ba.

To yaya jami'a ke auna irin wannan mutum? Yau ma'aunin da ya fi tashe shi ne wanda Jorge Hirsch, masanin kimiyyar fiziks a Amurka, ya fito da shi a 2005. Idan malami yana da maƙala 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20 a rubutun wasu masana, makinsa 20 ne. Ban raina shi ba, domin yana tona asirin mai muƙami ba aiki. Sai dai tiya ce: tana faɗa maka yawan shinkafa, ba ta faɗa maka ko ta ƙosar da gida.

Ga inda abin ke damuna. Masana suna ambaton masana ne, kuma yawancinsu suna inda kuɗin bincike yake. Likitan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ya bi ƙauyukan kwarin Rima yana duba tsargiya a jikin yaran da ke wanka a magudanan madatsar Goronyo, ko yana ɗiban ruwan rijiyoyi bayan ambaliya irin ta 2010, wa zai ambace shi? Mujallun gida da yawa ma ba sa cikin kundin da ake ƙirgawa. Matashin malami ba wawa ba ne. Idan ya ga ƙarin girma yana wajen batun da Turai ke karantawa, can zai karkata, rijiyar Rabah ta zauna ba mai leƙa ta. A 2021 kuwa kwalara ta kashe fiye da mutum 3,000 a Najeriya, Sakkwato na cikin jihohin da suka ji jiki.

Ƙasar nan ba baƙuwar malami mai kula da lafiyar ciki ba ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, duk da nauyin daula ya zauna ya rubuta littafi a kan magungunan basir, cutar da mutane ke jin kunyar faɗa. Abin da ke damun jama'arsa ya duba.

Don haka ina ganin kwamitin ƙarin girma ya ci gaba da ƙirgensa, amma ya ƙara tambayoyi. Shin binciken nan ya sa an gyara wata rijiya? Ya canza yadda ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi ke karɓar yaron da idonsa ya zurma? An mayar da sakamakon ga hakimi da limami da matan unguwar da aka ɗebi samfurin 'ya'yansu, cikin Hausar da suke ji? Waɗannan ma ana iya rubuta su a takarda, a kawo shaida daga hukumar lafiya ta ƙaramar hukuma, a ba su maki.