Wa Ya Koya wa Kifi Hanyar Gida?

Ɗan'uwa mazaunin ƙasar waje, in ɗanka ya ce maka nan inda aka haife shi ne gida, can kuwa wurin ziyara ne kawai, laifin wa? Kafin ka yanke hukunci, ji labarin wani kifi.

Salmon sunansa. A ƙoramu masu sanyi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya yi shekaru, sannan ya juyo yana hawan ruwa har ƙoramar da ya fito, ya saka ƙwai a can. Tun 1653 Izaak Walton na Ingila ya ba da labarin masu ɗaura wa ƙananan kifayen zare a wutsiya, su sake kama su a wuri ɗaya in sun dawo. Amma yadda suke gane hanya ya gagari masana kusan shekara 300.

Arthur Hasler na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya ce ƙanshi ne. A gwajin da ya wallafa da Warren Wisby a 1954, sun kama kifayen da suka iso ƙoramarsu a jihar Washington, suka toshe wa wasu hanci, suka mayar da su duka ƙasa da mahaɗar ruwa. Masu buɗaɗɗen hanci suka koma daidai, waɗanda aka toshe suka rikice.

Gwajin shekarun 1970 shi ya fi shafarmu. An ɗiga wani sinadari, morpholine, a ruwan da ake renon ƙananan kifaye, aka sake su a tafkin Michigan. Da suka girma, mafi yawan waɗanda suka dawo suka shiga ƙoramar da aka ɗiga wa sinadarin, alhali ba su taɓa ganinta ba. Ashe koyon gida kifin yake yi, cikin ɗan lokaci, yana ƙarami.

To kai me kake ɗiga wa ruwan yaronka? In bai ji Hausa a ɗaki ba, bai shaƙi daddawa ba, bai ga ka rusuna kana gaida babba ba, da wane hanci zai nemi Katsina? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai kuma kada ka yi saurin kiransa ɓatacce. A kullum wasu kifayen kan saɓa hanya su shiga wata ƙorama, kuma irinsu ne suka cika kogunan da ƙanƙara ta janye daga kansu. Zangon Kumasi ma fataken da suka zauna ne suka raya shi. Naka dai ka ba shi ƙanshin. Inda zai kafa gidansa, wannan ka bar wa Allah.