Yardar Matashi da Alhakin Mai Kiransa Zuwa Yaƙi

Ko'ina aka tara mayaƙa, na gwamnati ne ko na 'yan tawaye, matasa ne ke cika sahun gaba, kuma ƙarfin jiki kaɗai bai isa ya bayyana hakan ba, tunda bindigar AK-47, wadda nauyinta bai kai kilo 5 ba, ko yaro ɗan shekara 12 yana iya saɓa ta. Abin da mai ɗiban mayaƙa ya fi kwaɗayi shi ne zuciyar da ke saurin amsa kira, wadda ba ta riga ta saba da tambayar wa zai amfana ba.

Tun ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, masanin falsafar Girka, Aristotle, ya lura a littafinsa kan fasahar jan hankali da magana cewa matasa sun fi son ɗaukaka a kan dukiya, kuma suna da sauƙin yaudara saboda yawan kyakkyawan zato, domin ba a taɓa cin amanarsu da yawa ba. Binciken zamani ya ƙara da cewa sashen gaban ƙwaƙwalwa, wato wanda ke auna sakamako yana taka wa zuciya birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali sha'awar yabo daga tsara tana ƙarfi tun farkon balaga. Idan aka haɗa wannan da halin saurayin da ba shi da sana'a, ba iyali, ba a kuma jin maganarsa a gaban manya, za a gane darajar abin da runduna ke miƙa masa a rana ɗaya: kaki, takalmi, laƙabi, abokai, da wani babba da ke kiran sunansa. Ke nan kyawawan halayen ƙuruciya, irin su biyayya da kishi da son sadaukarwa, su ne igiyar da ake jan matashi da ita.

Daga nan tambayar alhaki take tasowa, wato ko yardar da aka samu ta wannan hanya yarda ce ta gaskiya. Tarihin Musulunci ya nuna cewa zumuɗi kaɗai bai wadatar ba, domin Annabi (SAW) ya mayar da Abdullahi ɗan Umar gida a ranar Uhudu yana ɗan shekara 14, ko da yake shi ya kawo kansa, sai a yaƙin Khandaƙ aka karɓe shi yana da 15, kuma daga baya Halifa Umar ɗan Abdul'aziz ya ɗauki wannan a matsayin iyaka tsakanin yaro da babba. Malaman fiƙihu sun kuma sharɗanta izinin iyaye a yaƙin da bai zama farilla a kan kowane mutum ba. Dokar duniya ma ta bi wannan sawu, inda Yarjejeniyar Roma ta 1998 ta mayar da ɗaukar yaran da ba su kai 15 ba laifin yaƙi, wanda a kansa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta kama Thomas Lubanga na Kongo da laifi a 2012, sai dai har yanzu Birtaniya tana karɓar 'yan shekara 16 aikin soja da amincewar iyaye.

Shari'ar Dominic Ongwen ta nuna inda wuyar take. Ƙungiyar 'yan tawaye ta LRA ta sace shi yana yaro a kan hanyar makaranta a arewacin Yuganda, ya girma a daji har ya zama kwamanda, sannan a 2021 kotun ta yanke masa ɗaurin shekara 25 saboda ta'asar da ya tafka bayan ya mallaki hankalinsa. Hukuncin yana nufin cewa zaluncin da aka yi wa mutum a ƙuruciya yana iya sassauta horonsa, amma ba ya goge alhakin abin da ya zaɓa daga baya. Duk da haka, kaso mafi nauyi yana wuyan wanda ya san raunin ƙuruciya ya kuma yi amfani da shi da gangan, domin shi yana da cikakken hankalin da yaron bai riga ya samu ba a ranar da aka ɗora masa bindiga.