Na'ura da Alhaki: Ƙirƙirarriyar Basira a Ƙananan Sana'o'in Boɗinga da Shagari

Ƙananan sana'o'i a Boɗinga da Shagari, ƙananan hukumomi biyu da ke kudu da birnin Sakkwato, galibinsu na mutum ɗaya ne da yaransa: mai tireda, mai injin niƙa, tela, dillalin hatsi ko albasa, mai cajin waya, mai POS. Ana yawan cewa ƙirƙirarriyar basira da na'urori masu sarrafa kansu za su sauƙaƙa wa irin waɗannan mutane lissafi da ajiyar kaya da neman masu saye, amma shigarsu kasuwannin ƙauye na tafiyar hawainiya. Dalilan sun kasu biyu. Akwai na zahiri, waɗanda kuɗi da gwamnati za su iya magancewa. Akwai kuma wata tambaya da ta shafi addini da tunani: shin ya dace mutum ya miƙa wa abin da ba shi da hankali hukuncin da shi za a tambaya a kansa?

Dalilan zahiri sanannu ne. Wutar lantarki ba ta tsayawa, kuma a ƙarshen Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwashe kwanaki cikin duhu bayan an lalata layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya sa tayar da janareto ya zama sai dole. Sabis yana zuwa yana ɗaukewa da zarar an bar bakin titi. A rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 kan talauci mai fuskoki da yawa, Sakkwato ce ta zo kan gaba da kashi 91 cikin 100. Wanda jarinsa bai wuce buhu uku na gero ba, ba ya ware kuɗin data da na biyan manhaja duk wata.

Wasu masu sharhi kan ƙara da cewa mutanen yankin suna ƙin sabon abu ne saboda tsoron bidi'a, ko don sun dogara ga ƙaddara. Wannan zance ba shi da ƙarfi, kuma tarihin wurin da kansa ya ƙaryata shi. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815 yana karantarwa da rubutu, ƙanensa Abdullahi kuma yana zaune a garin Boɗinga. Malaman da su Shehu suka karanta littattafansu, irin su Shihabuddin Alƙarafi wanda ya rasu a 1285, sun raba sababbin abubuwa gida biyar: wajibi, mustahabbi, halal, makaruhi da haram. Misalin da Alƙarafi ya kawo na sabon abu halal shi ne rariyar tankaɗen gari. Shaɗibi, wanda ya rasu a 1388, bai yarda da wannan rabe-raben ba, amma shi ma ya fitar da kayan aikin duniya daga cikin bidi'ar da ake zargi. Ta kowace hanya aka bi, kayan sana'a ba su shiga haramci don sabunta kawai. Batun tawakkali kuwa, kowane ɗan makarantar zaure ya san hadisin da aka umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sannan ya dogara ga Allah.

Abin da ido ke gani ya tabbatar da haka. Injin ban ruwa ya ture jigo a fadamu, kuma masu noman rani a kewayen madatsar ruwan Shagari ba su nemi fatawa ba kafin su saye shi. Lokacin da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ƙaddamar da shirin bunƙasa noma a 1980, kukan manoma na rashin samun taki da tarakta ne, ba na ƙyamarsu ba. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, cikin 'yan shekaru ta isa hannun mai sayar da goro. A farkon 2023, da sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, 'yan kasuwar da ba su taɓa shiga banki ba sun koyi karɓar tiransifa da jiran alat cikin 'yan makonni. Mutanen da suka yi haka ba za a ce da su masu gudun zamani ba.

Bambancin yana wani wuri. Injin niƙa da injin ban ruwa ƙarfin jiki suka ɗauke wa mutum, waya kuma ta ɗauke masa tafiya. Ƙirƙirarriyar basira ita kuwa shawara da hukunci take neman ɗauka: nawa za a sayar, wa za a ba bashi, wane kaya za a saro, yaushe za a fitar da abin da aka ɓoye a rumbu. A ƙaramar sana'a kuwa, wannan hukuncin shi ne sana'ar. Dillalin hatsi yakan tura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ya ɗebo daga ƙasa, ya murza, ya ciji ƙwaya ɗaya, ya san ko geron bana ne ko na bara, ko an yi masa algus da tsakuwa. Mai tireda yana da littafi mai maiƙo a gefen shafi inda yake rubuta "matar liman, sukari da sabulu", ba tare da lambar waya ko ranar biya ba, domin ya san sai kaka za a biya. Ciniki ma ba lamba ɗaya ba ce. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja a sassauta, har a kai ga "na sallama", a ƙara da gyara. Farashin da aka tsaya a kai ya ƙunshi zumunci da maƙwabtaka da tunanin gobe.

A nan fiƙihu yake da abin cewa. Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Ahzab, ya nuna cewa an bijiro da amana ga sammai da ƙasa da duwatsu suka ƙi ɗauka, mutum ya ɗauka. Sharaɗin ɗora wa mutum hukunci shi ne hankali da balaga. Wakilci a ciniki halal ne, shi ya sa ake aiken yaro kasuwa, ake ba dillali kaya, amma wakili mutum ne da zai iya cin amana ko ya riƙe ta, a yaba masa ko a kai shi gaban alƙali. Na'ura komai iya maganarta ba ta da niyya, ba ta rantsuwa, ba ta jin kunya. Don haka a ma'aunin shari'a kayan aiki ce, ba wakiliya ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta amince da ƙulla ciniki ta na'urorin sadarwa na zamani, bisa cewa masu cinikin mutane ne, na'urar hanya ce kawai.

Idan kayan aiki ya yi ɓarna, wa zai biya? Mazhabar Malikiyya ta daɗe da amsa. A cikin Muwaɗɗa akwai hukuncin taguwar da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, inda aka ɗora wa masu gonaki tsaronsu da rana, masu dabbobi kuma lamunin abin da dabbobinsu suka ɓata da dare. Akwai kuma ƙa'idar lamuntar da masu sana'a: tela ko marini da aka ba kaya suka lalace a hannunsa, shi zai biya, sai in ya kawo shaidar cewa ba sakacinsa ba ne. Bahaushe ya taƙaita wannan da cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ma'ana, in manhaja ta yi wa mai shago kuskuren lissafi ta ci kuɗin maraya, ko ta ba shi shawarar maganin feshin da ya ƙone albasar wani, alhakin bai tafi ga kamfanin da ke Legas ko Amurka ba. Yana nan kan mai shagon, a gaban mutane da kuma gaban Allah.

Wannan ne cikas mafi nauyi, kuma ba jahilci ba ne. Ana neman mutum ya ɗauki alhakin hukuncin da bai ga yadda aka yanke shi ba, domin hatta waɗanda suka ƙera irin waɗannan manhajoji ba kullum suke iya bayyana dalilin da ya sa suka ba da wata amsa ba. Babban kamfani yana da lauya da inshora, yana iya shanye asara. Mai ƙaramar sana'a mutuncinsa ne jarinsa. Ɗan abin da ake gani kullum ya isa misali: an cire kuɗi daga asusun mai saye, alat bai shigo ba, na'ura ta ce ciniki bai yiwu ba. Mutane biyu masu gaskiya suna tsaye suna kallon juna, ɗaya ya riƙe kaya, ɗaya ya riƙe waya, wanda ya haddasa rigimar kuwa ba ya wurin.

Batun bashi ya fi kowane fito da matsalar fili. Wurin da ƙirƙirarriyar basira ta fi saurin isa ga talaka a Najeriya shi ne manhajojin ba da rance, masu auna mutum ta bayanan wayarsa su ba shi kuɗi cikin minti kaɗan. Yawancinsu da ruwa suke bayarwa, wannan kaɗai ya isa ya nisanta mai kiyaye addini, duk da cewa bankunan da ba sa mu'amala da ruwa sun fara aiki tun buɗe Jaiz a 2012. Wasu daga cikin manhajojin kuma sun riƙa aika saƙon tozarci ga 'yan uwan wanda ya makara, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai musu samame a 2022. Alƙur'ani ya yi umarni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ya kuma nuna yafewa ta fi. Sanin wane ne ke cikin ƙunci da wane ne mai taurin bashi aiki ne na wanda ya san gidan, ya san an yi rashi ko damina ta ƙi.

Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana, kuma rigimar gado da yawa tana tasowa ne daga bashin da mai shi ya mutu da shi a ka. Manhajar da ke adana wane ya karɓi me, a wace rana, ta fi littafin da ruwan sama ko gara za su iya cinyewa kusa da wannan umarni. Haka zakka. A Malikiyya, ɗan kasuwar da ke juya kayansa kullum yana ƙiyasta darajar abin da ke shagonsa sau ɗaya a shekara, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da yake sa ran samu, ya fitar da kashi 2.5 cikin 100 in sun kai nisabi. Da yawa suna yin wannan da ka. A nan na'ura tana taimakon amana ne, ba karɓe ta take yi ba.

Akwai kuma yaron shago. Masu tallar na'urori sukan ce za ta rage yawan ma'aikata, suna zaton albishir suke yi. A garuruwan yankin irin su Kajiji ko Dingyaɗi, ma'aikacin ɗan yaya ne ko almajirin da ya sauke, wanda ake ciyarwa ana koya masa har ranar da za a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi littafi kan hukunce-hukuncen neman abin kai, kuma a nasiharsa ga Ummarun Dallaje na Katsina ya ƙarfafa kula da masu sana'o'in hannu. Shari'a ba ta hana rage wahala ba, injin niƙa ma ya raba wasu mata da aikin da suke samun kuɗin cefane da shi, duniya kuma ba ta tashi ba. Amma mai gidan da ya ƙi sallamar yara biyu don ya sayi manhaja ba lissafi ya kasa ba. Ya sa abin da mai tallar bai sa ba a cikin lissafinsa.

Abu na ƙarshe shi ne asalin ilimi. Al'adar karatun wannan yanki ta ginu ne a kan tambayar "daga wa ka ji?" Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi guda a 1812 don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Manhajojin hira irin su ChatGPT, da ya fito a Nuwamban 2022, suna ba da amsa cikin ƙarfin gwiwa ko daidai ce ko kuskure, wani lokaci har su ƙirƙiro madogarar da babu ita. Hausarsu ba ta kai Turancinsu ba, balle Sakkwatanci, alhali ɗan kasuwa a nan ya fi sabawa da saƙon murya a WhatsApp fiye da rubutun boko. Wanda ya saba auna magana da mai faɗinta zai yi wuya ya zuba jarinsa a kan maganar da ba ta da mai ita.

Na'urar POS ta samu karɓuwa a Boɗinga da Shagari ne domin akwai mutum zaune a bayanta, ƙarƙashin laima ko cikin kes, wanda aka san sunansa da gidan ubansa, kuma in kuɗi suka maƙale a san inda za a same shi gobe. Duk manhajar da za ta shiga waɗannan kasuwanni sai ta ji Hausa ta baka, ta yi aiki ko sabis ya ɗauke, ta nuna yadda ta kai ga lissafinta, ta bar wa mai shago yanke hukunci, sannan a samu wakili ɗan gari da zai amsa in ta yi ɓarna. Wadda ba ta cika waɗannan ba, ko an kawo wuta da sabis, ba za ta wuce wayar matasa ta kai ga akwatin kuɗin shago ba.