Kafin ka sake hawa babur

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ma ta zarce 1,000, magidanta da yawa suka ajiye mota suka koma babur. Idan kana cikinsu, ɗana, ba abin kunya ka yi ba, lissafi ka yi. Abin da ke ba ni tsoro shi ne maganar da nake yawan ji a bakinku: "Ai ni tsohon hannu ne." Sabon shiga yana hawa da fargaba, fargabar kuma tana tsare shi. Kai da ka yi shekara goma ko ashirin ba ka murza totur ba, hannunka ya tuna, amma jikin ba na jiya ba ne.

Dubi birki. Zaman mota ya saba maka da taka ƙafa ɗaya, tayoyi huɗu su tsaya. A babur birkin gaba yana hannun dama, na baya yana ƙafar dama, kuma na gaban ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa. Ranar da yaro ya faɗo titi a guje, ƙafarka kaɗai za ta taka, tayar baya ta zame. In kuwa ka damƙe na gaba da ƙarfi a kwana, a kan yashin da ke taruwa a gefen kwalta, sai dai ka tsinci kanka a ƙasa. Nemi fili da sassafe, ko na makarantar unguwarku ne, ka yi ta tashi kana tsayawa da birkin nan biyu tare, har hannu da ƙafa su daidaita. Kada ka ɗauki kowa a baya sai ka yi makonni kana hawa kai kaɗai.

Babur ɗin da ka jingine a zaure shi ma ya tsufa. Taya takan bushe ta tsattsage ko da zanenta bai cinye ba. Tsohon fetur yana toshe kafireta. Kai shi wurin bakanike ya juye baƙin mai, ya duba sarƙa da wayar birki da fitila.

Titin ma ba wanda ka bari ba ne. A Kano, tun da aka hana acaɓa a Janairun 2013, adaidaita sahu suka cika gari, kuma direban adaidaita yana ganin an ɗaga masa hannu zai yanko gefe ba sigina. Bar tazara tsakaninka da shi, kada kuma ka kutsa ta damarsa. Je a gwada idonka, musamman in fitilar motar da ke tahowa tana kashe maka ido da dare. Idan kana shan maganin hawan jini ko na suga, tambayi likita ko yana kawo jiri.

Sai hular kwano. Na san za ka ce zafi, za ka ce ina za ka sa zannarka in za ka ɗaurin aure. Sa ta a leda, in ka isa ka kafa abarka. Ƙashin ƙafa in ya karye ana ɗora shi a Asibitin Ƙashi na Dala, amma ƙwaƙwalwa ba a ɗora ta. Tattare babbar riga kafin ka tayar, kuma ranar da ka fara goya uwargida, ka sauko ka duba da idonka cewa hijabinta bai kusanci sarƙa ba.

Ɗana, don ka rage wa iyalinka kashe kuɗi ka koma babur, kuma su ne ke jiran dawowarka da magariba. Don Allah, sayi hular nan tun kafin ka zuba mai a tanki.