AN CE BA KA DA KOME, AMMA JIKINKA NA CIWO

Ya mai karatu, ko ka taɓa zuwa asibiti da ciwo, aka auna ka, aka ɗebi jininka, aka saurari ƙirjinka, sa'an nan aka ce maka, "Ba mu ga kome ba"? Ka fito da takarda a hannu, ciwon kuwa yana nan inda yake. Gabanka yana faɗuwa ba dalili. Tsakiyar kanka tana zafi kamar an ɗora garwashi. Wani abu kamar kiyashi yana yawo a ƙarƙashin fata. Wuya da kafaɗu sun sage, ciki ya ƙulle, tuwo ba ya shiga. Dare ya raba, gari ya yi tsit, kai kuwa idonka biyu.

Da ka koma gida, kowa da tasa. Wani ya ce raki ne. Wata ta ce sammu ne, ko iskoki. Wani dattijo ya ce, "Rashin haƙuri ne, da rashin dogara ga Allah." Wannan magana ta ƙarshe ita ta fi zafi, gama ta ƙara maka kunya a kan ciwo.

To, ga tambayar da za mu duba tare: mutumin da damuwa ta sa wa ciwo a jiki, mai laifi ne? Ya kamata ya yi shiru ya haɗiye, ko akwai abin da ya fi?

CIWON NA GASKIYA NE

Ka tuna da ranar da ka kusa taka maciji a gona. Kafin ka ce "maciji," ka riga ka yi tsalle. Zuciya ta yi ta bugawa, baki ya bushe, gumi ya keto. Ba kai ka umarci jikinka ya yi haka ba. Haka aka halicce shi domin ya tsirar da kai.

Ga yadda abin yake. A bisa kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙululu. Sa'ad da ƙwaƙwalwa ta hangi hatsari, sai ta aika musu, su kuwa su zuba wani sinadari cikin jini, sunansa adirenalin. Zuciyar babban mutum da ke hutawa takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, amma da zuwan adirenalin sai ta ƙara sauri da ƙarfi. Numfashi ya ƙaru. Jini ya bar ciki ya tafi ga hannuwa da ƙafafu. Naman wuya da na baya ya ɗaure. Duk shirin gudu ne ko na faɗa. Wani masani a Amurka, Wolta Kanon, ya lura cikin kyanwa yakan daina motsi in ta tsorata ko ta fusata, a shekarar 1915 kuwa ya wallafa littafi a kan yadda tsoro da fushi ke canja aikin jiki.

Maciji yakan wuce, jiki ya huce. Amma akwai hatsarin da ba ya wucewa. Damina ta tsaya da wuri, rumbu bai kai rabi ba. Mai bashi ya ce ranar kasuwa zai dawo. Ɗanka ya tafi ci rani, wata shida ba labari. Gida ba zaman lafiya. Jiki bai san bambancin maciji da mai bashi ba. Shiri ɗaya yake yi wa dukansu, dare da rana. Naman da ya daɗe a ɗaure shi ke zama ciwon kai da ciwon baya. Cikin da aka hana aikinsa shi ke kumburi, ko ya ƙulle, ko ya ɓaci. Numfashin sauri kuma yakan fitar da wata iska daga jini fiye da kima, daga nan sai jiri, da sanyin yatsu da tsikarinsu, har mutum ya ɗauka mutuwa ce ta zo.

Saboda haka in likita ya ce bai ga kome ba, ma'anarsa ita ce bai ga inda wata gaɓa ta lalace ba. Bai ce kana ƙarya ba. Ruwa ba ya tsami banza.

BA KAI KAƊAI BA NE

Watakila kana tsammani raggwaye kaɗai abin ke samu. A shekarar 1871 wani likita a Amurka, Da Kosta, ya rubuta labarin sojoji wajen 300 waɗanda suka yi yaƙin basasar ƙasarsu. Suna kukan bugun zuciya, da ciwon ƙirji, da sarƙewar numfashi, amma bai sami lalacewar zuciya da za ta bayyana abin ba. Mazaje ne waɗanda suka tsaya gaban bindiga.

A shekarar 1960 kuma wani likita, Remon Firins, wanda ya yi aiki a Abekuta, ya rubuta a kan 'yan makaranta na kudancin Nijeriya. Suna jin zafi a kai, da abu yana rarrafe a ciki, ido yana dushewa, karatu ba ya zama. Yara ne masu ƙoƙari, waɗanda dangi duka suka zuba wa ido.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2019 mutane miliyan 301 suna fama da ciwon fargaba. Ashe kana cikin babban taro, ko da yake kowa a ɗakinsa yake kwana da nasa.

LAIFI NE?

Bari mu rarrabe abu biyu. Akwai abin da ya faɗo maka, akwai kuma abin da ka yi da shi. Ba a tuhumar mutum domin ya yi atishawa. Haka nan faɗuwar gaba da rawar jiki ba su jiran izininka, abin da ba ka zaɓa ba kuwa ba za a lissafta maka shi laifi ba.

Wani zai ce, "Ai Yesu Almasihu ya koya wa mutane kada su damu da gobe." Gaskiya ne, yana cikin Matiyu sura 6. Amma ka lura da waɗanda ya faɗa wa: mutane masu tunanin ci da sha da sutura. Ya nuna musu tsuntsaye da furannin jeji domin ya sauke musu kaya. Wanda ya ɗauki wannan magana ya mai da ita bulala a kan mai ciwo, ya juya ta baibai.

Ka duba annabi Iliya, cikin Littafin Sarakuna na Fari, sura 19. Bayan ya tsaya shi kaɗai gaban ɗaruruwan annabawan gunki, sarauniya Yezebel ta aiko masa da saƙon kisa. Sai ya gudu. Ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna gindin wani itace, ya roƙa a ɗauki ransa. Me Allah ya fara yi masa? Ya bar shi ya yi barci. Ya aiko mala'ika ya tashe shi, ga gurasa, ga tulun ruwa. Ya ci, ya sha, ya sāke kwanciya. Aka sāke tashe shi ya ci. Sai daga baya, a Dutsen Horeb, aka tambaye shi abin da ke damunsa, aka bar shi ya faɗi duka. Aka sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa gunki ba, aka kuma ba shi Elisha ya zama mataimakinsa. Barci, abinci, kunnen sauraro, abokin aiki. Ba a fara da tsawa ba.

Almasihu kansa, a daren da za a kama shi, ya shiga baƙin ciki mai tsanani a lambun Gatsemani, har gumi yana ɗiga ƙasa. Bai ɓoye ba. Ya ɗauki almajirai uku, ya gaya musu halin da ransa ke ciki, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. In wannan bai zama abin kunya gare shi ba, don me zai zama gare ka?

HAƘURI DA SHIRU

Mun gāji magana cewa haƙuri maganin zaman duniya ne, ciki kuma ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Akwai hikima a nan. Mutumin kirki ba ya tallar damuwarsa a kasuwa. Amma da yawa cikinmu mun ɗauka haƙuri shi ne kada kowa ya sani. Sai baki ya yi shiru, jiki ya ɗauki maganar.

Ka duba abin da wannan shiru yake ci. Mutum ya bi masu allura da masu tallar ƙwaya, yau jika biyu, gobe jika biyar, har ya sayar da akuya, ciwon na nan. Ya fara zargin maƙwabci ko kishiya da sammu, zumunci ya tsinke a kan abin da ba su yi ba. Yara su riƙa gudu in sun ji tafiyarsa, gama ba ya iya jure ko ƙaramar hayaniya. A nan ne alhaki yake shigowa. Ciwon bai zama laifinka ba, amma kula da shi yana wuyanka, domin jikin nan amana ne, akwai kuma masu dogara gare shi. Mai haƙurin gaske shi ne wanda ya dubi kayansa ya faɗi nauyinsa, ya nemi a kama masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

ME ZA KA YI?

1. Ka fara da awo. Ba kowane ciwo ne na damuwa ba. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo su ma suna sa bugun zuciya. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama sai an auna. An daɗe ana cewa damuwa ce ke kawo gyambon ciki, sai a shekarar 1982 likitoci biyu a Ostareliya, Mashal da Waren, suka gano ƙwayar cutar da ke jawo yawancinsa, tana kuwa jin magani. In akwai zazzaɓi, ko rama, ko tari fiye da mako biyu, ko aman jini, ko baƙin bayan gida, ko ciwon ƙirji mai danna kamar dutse yana sauka hannu ko muƙamuƙi, kada ka jira gobe.

2. Ka gaya wa likita dukan labarin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka faɗi ciwon kai, ka faɗi bashin kuma. In an auna ka da kyau an ce zuciyarka lafiya, ka karɓa. Yawon awo daga Maraɗi zuwa Damagaram zuwa Yamai yakan kwantar da rai na kwana biyu, sa'an nan tsoro ya dawo da ƙarfi.

3. Sa'ad da abin ya taso, ka zauna. Ka ja numfashi ta hanci a hankali kana ƙirga huɗu, ka sake shi kana ƙirga shida, ciki yana tashi yana sauka. Ka yi ta yi na 'yan mintoci. Irin wannan firgita takan kai ƙarshen ƙarfinta cikin minti goma ko kusa da haka, sa'an nan ta fara sauka. Ka ce wa kanka, "Na san wannan, ya zo a dā ya wuce."

4. Kada ka ba tsoro fili. In abin ya same ka a kasuwa ka daina zuwa kasuwa, gobe zai hana ka shiga mota, jibi ya tsare ka a ɗaki. Ka koma kaɗan kaɗan, da farko tare da wani. Sannu ba ta hana zuwa.

5. Ka yi wa jikinka abin da aka yi wa Iliya. Ka ci a kan lokaci ko ba ka jin marmari. Ka kwanta ka tashi a sa'a ɗaya kullum. Ka taka da ƙafa kowace rana, gama jikin da ya yi shirin gudu yana bukatar motsi kafin ya huce. Ka rage shayi mai kauri, da goro, da kofi, musamman da yamma, domin suna ƙara bugun zuciya, suna korar barci.

6. Ka guji tramol, da giya, da ƙwayoyin barci na bakin hanya. Suna ba da hutu na dare ɗaya, su karɓi 'yancin shekaru. Akwai magungunan fargaba na ƙwarai, akwai kuma jiyya ta hanyar zama a tattauna da wanda ya koyi aikin, amma ma'aikacin lafiya ne zai nuna maka.

7. Ka raba damuwarka kashi biyu. Wadda hannunka ya isa, ka yi mata abu ɗaya yau: ka je wurin mai bashi da kanka ku yanka lokaci, ka nemi wanda zai shiga tsakani a rikicin gida. Wadda hannunka bai isa ba, kamar ruwan sama da ɗan da ke nesa, ka kai ta gaban Allah cikin addu'a, ka ambace ta da sunanta. In ta dawo da dare, ka sāke kai ta. Ba a gajiya da kai a wannan ƙofa.

8. Ka zaɓi mutum ɗaya mai riƙon asiri, ka gaya masa. In kuwa tunanin kashe kanka ya fara zuwa maka, kada rana ta faɗi ba ka gaya wa wani ba, ku tafi asibiti tare.

KALMA GA NA GIDA

Watakila ba kai ne mai ciwon ba, matarka ce, ko mijinki, ko ɗanku. Labarin zuciya a tambayi fuska. Kada ka ce, "Ai likita ya ce ba ki da kome." Ka ce, "Na ga kina shan wuya, me ke cin ranki?" Sa'an nan ka yi shiru ka ji. Ka ɗauke mata wani aiki, ka raka ta asibiti. Wa'azi yana da ranarsa, amma mai jin yunwa da rashin barci a ba shi fura da tabarma tukuna.

Ya mai karatu, jikinka bai ci amanarka ba. Ya daɗe yana ɗauke da kayan da bakinka ya ƙi faɗa, yanzu ya gaji. Yau, kafin ka kwanta, ka tambayi kanka abu biyu: mene ne ainihin abin da ke damuna, wa kuma zan gaya wa gobe da safe?

Allah ya ba ka lafiya, ya ba ka barci mai daɗi.