Kitson Gida: Gyara Ne Ko Raina Halitta?

Akwai wata tambaya da takan ta da gardama tsakanin iyaye mata da 'ya'yansu, wani lokaci har ta kai gaban dattawan ikilisiya. Tambayar ita ce, ina iyakar mutum wajen gyara gashin da Allah ya ba shi? Waɗansu suna cewa kowane irin adon kai girman kai ne. Waɗansu kuwa suna ganin gashin baƙar fata kamar wani aibi ne, sai an sa masa magani ya miƙe kafin mace ta shiga cikin mutane. Zongon Lome wuri ne mai kyau na auna wannan magana, gama a can tsohuwar al'ada da sabuwar kasuwa suna zaune ƙofa da ƙofa.

Fatake Hausawa sun daɗe a Lome, tun zamanin da Jamusawa suke mulkin Togo. A shekarar 1977 gwamnati ta rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar gari, aka mai da mutane can arewa, wajen kilomita 15, inda yau ake kira Agoe Zongo. An rushe ɗakuna da shaguna, amma abin da ke hannun mata bai rusu ba. Kitso ya bi su sabon wuri tare da tukwane da tabarmi. Yawancin mutanen unguwar Musulmi ne, akwai kuma Kirista a cikinsu da kewaye da su, amma a zancen kitso hannunsu ɗaya ne.

Ranar kitso a gida ba ranar gaggawa ba ce. Da fari a tsefe tsohon kitso da tsinke, a wanke kai, a dā da karkashi, yanzu galibi da sabulu ko shamfu. Sa'an nan a shafa man kaɗanya ko man shanu, a raba gashin kashi kashi, a taje shi a hankali daga baki zuwa gindi. Yarinya ta zauna a tabarma, ta ɗora kai a cinyar uwarta, ko yayarta, ko gwaggonta. A yi mata shuku, ko zane, ko kalaba, ko kuwa a naɗe gashin da zare. Aikin yakan ci sa'a biyu ko uku. A cikin sa'o'in nan yarinya ba ta da inda za ta, kunnenta kuma yana kusa da bakin mai yi mata kitson. Nan take jin labarin dangi, nan ake tsawata mata, nan ake rarrashinta. Nan ne kuma take fara jin abin da manya suke ɗaukar gashinta, ko abin godiya ne, ko kuwa abin tsaki.

Ya kamata a san irin gashin da ake magana a kansa. Silin gashin baƙar fata a ɗan shimfiɗe yake, ramin da yake tsirowa daga ciki kuma a lanƙwashe yake, shi ya sa yake fitowa a murɗe. Saboda murɗewar nan, maiƙon da fatar kai take fitarwa ba ya gangarawa har bakin gashi da sauƙi. Don haka yakan bushe, in an taje shi a bushe kuwa sai ya kakkarye. Kakanni ba su karanta wannan a littafi ba, amma hannunsu ya sani, shi ya sa suke jiƙawa, su shafa mai, su kitse. A shekarar 2023 waɗansu masana suka ba da rahoto cewa sun gwada irin irin gashi a ƙarƙashin zafi mai kama da na rana, suka tarar gashi mai murɗewa ƙwarai ya fi sauran kare kai daga zafin. Ashe abin da ake yi wa tsaki inuwa ce Mahalicci ya kafa wa mutumin ƙasar rana.

To, kasuwa ta zo da nata. A Lome akwai masana'antun da ke yin gashin roba, wanda mata suke kira gashin doki, kamar mai suna Amina, ana kuma kai shi ƙasashen maƙwabta. A shaguna akwai man miƙar da gashi, wato rilaksa. Da yawa daga cikin irin man nan da soda ake haɗa su, irin wadda ake dafa sabulu da ita. Aikinta shi ne ta karya ƙarfin silin gashi har ya kwanta. In ta daɗe a kai sai ta ƙone fata, ta bar gyambo. Da yake gashi yana tsirowa kamar santimita ɗaya a wata, sabon da ya fito kuma da halinsa na asali yake fitowa, dole a koma shafawa bayan 'yan makonni. A shekarar 2022 Cibiyar Lafiya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a kan mata fiye da 33,000. Aka ga waɗanda suke shafa irin man nan fiye da sau huɗu a shekara, haɗarin sankarar mahaifa a gare su ya ninka na waɗanda ba sa shafawa, har ya ɗara. Ciwon ba mai yawan aukuwa ba ne, amma uwar da take shirin shafa wa 'yar shekara bakwai ya kamata ta ji wannan tukuna.

Gaskiya ta sa a faɗi na gida kuma. Kitson da aka ja da ƙarfi har yarinya ta kasa barci, ko goshinta ya yi ƙuraje, shi ma yana cin gashin gaban kai, wani lokaci ba ya sāke tsirowa. Makitsiyar da take cewa sai an sha wuya ake yin kyau tana bukatar gyara kamar mai shafa soda.

Daga ina rainin nan ya fito? Ba mai haifar yarinya da ƙin gashinta, koya mata ake yi. Gabas da Lome, a garin Agbodrafo, har yanzu akwai gidan da aka riƙa ɓoye bayi kafin a ɗora su a jirgin ruwa. Waɗanda aka kwashe daga gaɓar nan zuwa Amurka, akan aske musu kai, aka raba su da mataji da man da suka saba da shi. A shekarar 1786 gwamnan Luwiziyana ya kafa doka cewa mata baƙar fata su riƙa rufe gashinsu da ɗankwali. A Afirka ta Kudu, zamanin wariyar launin fata, akan soka fensir a gashin mutum, in bai faɗo ba a lissafta shi cikin baƙaƙe, ya rasa 'yancin da farare suke da shi. A Amurka sai a shekarun 1960 matasa baƙaƙe suka tashi suna barin gashinsu yadda yake, suna cewa baƙi ma kyakkyawa ne. Duk da haka sai a 2019 jihar Kalifoniya ta yi dokar hana nuna wa mutum bambanci a wurin aiki ko makaranta saboda kitso ko gashinsa na halitta. Abin tausayi ne jikokin waɗanda aka kwashe suna nema su koma ga kitson kakanninsu, waɗanda suka rage a gida kuwa suna sayen abin da zai raba su da shi.

Me Littafi Mai Tsarki ya koyar? Masu hana ado sukan kawo wasiƙar Bitrus ta fari, sura 3, da wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura 2, inda aka ambaci kitso tare da zinariya da tufafi masu tsada. Amma a zamanin manzanni matan attajirai sukan tara gashi su cusa masa zinariya da lu'ulu'u, su zo taron sujada, matalauciya ta ji kunyar zama kusa da su. Fahariyar nan ce manzanni suka tsawata, suka ce a sa zuciya ga halin kirki. Mace ta bar kanta buzu-buzu ba ibada ba ce. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A Matta sura 10 Ubangiji Yesu ya ƙarfafa almajiransa da cewa Uba ya san adadin gashin kowannensu. Abin da Allah ya kula da shi har ya ƙirga, bai kamata mutum ya yi sakaci da shi ba, bai kuma kamata ya raina shi ba.

Labaru biyu sun isa su nuna cewa ba a gashin laifin yake ba. Absalom ɗan Dawuda ya yi suna da yawan gashi, har akan auna shi in ya yi aski a ƙarshen shekara. Zuciyarsa ta kumbura, ya tayar wa ubansa, ƙarshensa kansa ya sarƙafe a itace, aka kashe shi a nan. A Luka sura 7 kuwa wata mace mai zunubi ta jiƙa ƙafafun Yesu da hawaye, ta shafe su da gashin kanta, ta tafi da gafara. Dukansu biyu gashi ne Allah ya ba su, zuciya ce ta raba su.

Wani zai ce, to, duk macen da ta shafa rilaksa ko ta ƙara gashin doki ta yi zunubi ke nan? A'a. Mai sayar da abinci a tashar mota, wadda take tashi tun da asuba, tana iya zaɓar abin da zai daɗe mata don ta huta. Wadda ciwo ya zubar mata da gashi tana iya rufe kanta da abin da ta samu. Yarinyar da ta koyi sana'ar gyaran gashi shekara da shekaru a hannun uwar ɗakinta, da ita take ci da kanta, halak ɗinta ne. Ikilisiyar da ta tsaya a bakin ƙofa tana duba kawunan mata ta ɗora wa mutane kayan da Ubangiji bai ɗora ba. Ma'aunin yana cikin zuciya, tambayoyinsa kuma uku ne. Abin nan yana cutar da jiki? Yana cin kuɗin abinci da na makarantar yara? In babu shi, mace za ta iya fita ta gai da mutane ba tare da jin kunyar yadda aka halicce ta ba? Wadda ba za ta iya ba, adon ya zama ubangidanta, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Babba tana da ikon zaɓa wa kanta. Yarinya ƙarama ba ta da shi, a nan ne nauyin ya fi yawa. Uwar da take tajewa tana tsaki, tana cewa wannan wane irin mugun gashi ne, ta shuka wani abu da zai fi kitson daɗewa. Maza ma da nasu alhakin. Mijin da ba ya yaba wa matarsa sai ranar da ta ɗora gashin wata, da ubangidan da yake ganin mai kitson gida ba ta waye ba, su ma malamai ne a makarantar raini, ko da ba su taɓa riƙe mataji ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka a sassauta hannu a kan yarinya, a jiƙa gashin, a shafa masa mai, a yi haƙuri da shi. A gaya mata sunan kitson da wadda ta koya wa uwarta shi. A gaya mata kuma cewa wanda ya yi ta ya duba aikinsa tun farko ya ga yana da kyau. In ta girma da wannan a zuciyarta, ko wane irin ado ta zaɓa daga baya, za ta zaɓe shi da godiya ga Allah.