Me Bijimi Zai Yi da Nono?

Tun kafin gari ya waye mayankar Oko-Oba da ke Agege take cika. Tireloli na sauke shanun da suka sha doguwar tafiya daga kasuwannin Arewa irin su Potiskum da Maigatari, mahauta na wasa wuƙaƙe, yaran fawa na ta kai da kawo. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai fiɗa ya ga an birkice bijimi cikinsa na kallon sama, zai lura da wasu 'yan ƙananan kawunan nono gab da maraina, galibi huɗu, daidai wurin da hantsar saniya take. Ragon layya yana da nasa guda biyu. Shi kansa mai fiɗar, idan zafin Legas ya sa ya tuɓe riga, ga nasa nan a ƙirji.

Ba a taɓa ganin maraƙi yana tsotson bijimi ba. To, me ya kawo su?

Yaro idan ya yi wannan tambaya tsawa yakan sha, alhali ta daɗe tana cin tuwo a kan manya. Aristotal, masanin Girka, ya kawo labarin wani bunsuru a tsibirin Lemnos da aka riƙa tatsa har aka yi cuku da nononsa. Masanin halittu Darwin ma ya tsaya a kanta a littafinsa na 1871. Amma ga Bahaushen Agege, wanda kakanninsa suka sauka nan zamanin fataucin goro da jirgin ƙasa, suka zo da allo da littattafan fiƙihu, nauyin tambayar daban ne. Ya taso da imanin cewa Allah bai halicci komai don wasa ba, sai ga gaɓa a jikinsa wadda bai taɓa ganin ta yi aiki ba.

Masu nazarin tayi sun gano yadda abin ke faruwa. A makonnin farko na ciki, tsari ɗaya ake bi wajen gina namiji da mace. Tsakanin mako na huɗu da na shida wasu layuka biyu ke fitowa a jikin tayin, daga hammata zuwa matsematsi, kuma a kansu ne nono ke tsirowa. Shi ya sa masu ƙarin kan nono na uku, maza da mata, yawanci a kan wannan layin yake fito musu. Ƙwayar gadon da ke karkata tayi zuwa namiji, wadda ake kira SRY, masu bincike a Landan suka gano ta a 1990, ba ta soma aiki sai wajen mako na shida zuwa bakwai. Kafin ta iso an riga an aza harsashi, kuma a wajen mutum da sa da rago ba ta rushe shi.

Akwai inda ake rushewa. Namijin ɓera ba shi da kan nono, domin sinadarin mazantaka yana kashe tsiron tun a ciki, haka ma ingarman doki. A ɗaya gefen kuma, a 1994 an ba da rahoton wani nau'in jemage a Malesiya wanda mazansa ke fitar da nono. Ke nan abin yana iya gushewa, yana iya farkawa. Ya zauna a jikin yawancin maza ne saboda tsarin da ke ba uwa nono shi ne ke gina ɗanta, kuma barinsa ba ya hana namiji rayuwa ko haihuwa.

Abin da ya kamata ɗalibin makarantar Markaz ta Agege ko na zauren unguwar Zango ya sani shi ne malaman fiƙihu ba su kauce wa wannan magana ba, kuma ba su yi ƙoƙarin rufe ta ba. A babin shayarwa sun tambaya: idan namiji ya sami nono ya shayar da jariri, an zama muharramai? Mafi yawansu, har da Malikawa, suka ce a'a, nonon mace ne ke haramta aure. Duk da haka suka ce mijin mai shayarwa uba ne ga wanda ta shayar, domin ta dalilinsa nonon ya zo, abin da suke kira labanul fahli, bisa hadisin Nana A'isha da baffanta na shayarwa, Aflahu. A babin diyya kuwa sun fi fitowa fili. Nonuwan mace diyya cikakkiya ce. Na namiji, Hambalawa sun ce shi ma haka, amma Malikawa da Hanafawa suka bar wa alƙali ya ƙiyasta, da hujjar cewa babu amfanin shayarwa a cikinsu, sai kyan halitta.

Wato malaman da suka fi kowa tsoron Allah sun faɗa da bakinsu cewa gaɓar ba ta da aikin da ta mace take da shi, kuma imaninsu bai girgiza ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kasa gaɓoɓi zuwa na larura kamar zuciya, na buƙata kamar hannu, da na ado kamar lanƙwasar gira. Bai ɗora wa kowace gaɓa wajibcin ta tabbatar da amfaninta kafin a yarda da hikimar Mai halitta ba.

Nan ne wasu masu wa'azi na yau suke zamewa. Suna ganin kare addini ne su ƙirƙiro wa kowace gaɓa aiki ko babu hujja, sai yaron da ya karanta kimiyya a makaranta ya kama su, ya fara shakkar sauran maganganunsu. Waɗanda ke cewa kuskure ne a halitta su ma sun taƙaita dubawa, domin sun ɗauki namiji shi kaɗai suka auna, suka manta da uwar da ta haife shi da 'yar da zai haifa. Farkon Suratun Nisa'i ya danganta maza da mata ga rai guda, Suratun Najmi ta danganta su ga ɗigon ruwa guda. Alƙur'ani ba littafin asibiti ba ne, kuma bai kamata a matsa wa aya ta faɗi abin da ba ta faɗa ba. Amma mai imani yana da damar ya dubi ƙirjinsa ya ga shaidar cewa makonni shida na farkon rayuwarsa hanya ɗaya ya bi da 'yar'uwarsa.

Sanin haka yana da amfani har a ɗakin mai jego. Jariri namiji kan zo da kumburarren nono, wani lokaci har da ɗan farin ruwa, saboda sinadaran jikin uwa da ya kwaso. Kaka ko ungozoma takan matse shi da kyakkyawar niyya, likitoci kuwa suna hanawa, domin da kansa yake sacewa, matsar kuma tana jawo ƙurji. Manya ma ba su tsira ba: kusan ɗaya cikin ɗari na masu sankarar mama maza ne. Da yawansu sukan makara wajen zuwa asibiti, saboda magidanci ya ji ƙululu a ƙirjinsa sai ya ɗauka cutar mata ce, kunya ta hana shi buɗe riga gaban likita har abin ya yi nisa.